Tagar da Aka Toshe a Tashar Jirgin Lafiya

Ina kan okada na taso daga makaranta wata Laraba na hango tulin yashi da bulo a gaban tashar jirgin ƙasa. Na ce wa mai babur ɗin ya dakata. Wata mai suyar doya a bakin hanya ita ce ta ba ni labari: wani ɗan kasuwa ne ya karɓi hayar ɓangare ɗaya na ginin, zai gyara shi ya mai da shi siton ridi da agushi. Ta ce ai gara haka da a bar wa awaki.

Ni malamar zanen gine-gine ce a wata sakandare a nan Lafiya. Na daɗe ina koya wa ɗalibai yadda ake zana bango da taga da rufi, kuma kowace shekara sai na ce wa kaina zan je in auna tashar nan in zana ta tun tana tsaye. Ban je ba. Jirgi ya daina zuwa, ciyawa ta cinye layin dogo, ni kuwa ina wucewa safe da yamma ina cewa sai an yi hutu.

Da la'asar na je gidanmu a Akurba na tarar da Baba a zaure. A tashar nan ya yi aikinsa har ya ajiye, shi ne mai juya layi da ɗaga sigina. Yanzu gwiwa ta hana shi yawo, yanar ido kuma ta rufe masa rabin duniya. Na gaya masa abin da na gani. Ya ce, "To ki je ki rubuta abin da ke ciki kafin su taɓa."

Na ce abin da zan yi ke nan, ai na san wurin ciki da bai, tunda ni nake kai masa abinci ina 'yar firamare.

"Kin san inda ake ajiye kwanon abinci," in ji shi. "Tasha kam ba ki san ta ba. Ki nemi Babanki na Adogi."

Wanda yake nufi abokinsa ne, wani dattijo Tibi da ya yi birkilan reluwe shekaru masu yawa, ya koma noma a wani ƙauye kusa da Adogi. Baban Adogi muke ce masa tun muna yara. Na amsa da to, amma a raina na ce me birkila zai gaya mini wanda ban karanta ba. Washegari na ɗauki tef ɗin awo da littafin zane na tafi ni kaɗai.

Maigadi ya tare ni a bakin baranda. Ya ce ina takarda. Na ce wace takarda, ni 'yar mai sigina ce, a nan na girma. Ya ce ya ji, Allah ya ƙara wa Baba lafiya, amma ina takarda. A bayansa akuya na tauna kwali a cikin ɗakin jiran fasinja, wasu mata kuma sun shanya rogo a kan dandamali daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Na nuna masa su na ce, su waɗannan wa ya ba su takarda? Ya ce su ba su zo da tef ba.

Sau uku ina zuwa ofishin da ya kwatanta mini. Zuwan farko mai ofishin ya fita. Zuwa na biyu ya tafi biki. Na uku na same shi, ya saurare ni yana juya biro, ya tambaye ni ko daga Abuja aka aiko ni. Na ce babu wanda ya aiko ni. Wannan amsa ita ta fi tayar masa da hankali. Ya kasa gane yadda mace mai aikinta za ta zo auna tsohon gini ba tare da an sa ta ba. Daga ƙarshe ya ce takarda kam ba shi da ikon bayarwa, amma zai yi wa maigadi magana, in duba, in auna, kada in ɗauki hoto. Na ce me ya sa ban da hoto? Ya ce, "Madam, haka dai." Kwana tara ke nan sun tafi.

Na yi wuni biyu ina awo. Na jera abubuwan da na tabbata su ne na asali: tagar sayar da tikiti mai sandunan ƙarfe da ke fuskantar hanya, koren ƙyauren ofishin stashamasta, da dogon bencin siminti inda nake zama ina jiran Baba ya gama cin abinci. Tagar tikitin nan na fi ɓata wa lokaci. Na zana ta gaba da gefe, na ƙirga sandunanta, har wurin da gwiwar hannun mutane ta goge simintin ya yi santsi na nuna. Na kai wa Baba ina karanta masa, ina jin daɗin kaina. Ya saurara har na gama. Ya dai tambaye ni ko na je Adogi.

Ran Asabar na tafi. Na sami dattijon a gona, ruwan farko ya sauka, yana tsaye a kan masu tara masa kunyar doya. Ya tsufa, ya rame, amma muryar tana nan. Ya yi murna da ganina, ya tambayi Baba, ya tambayi gwiwar Baba, ya sa aka kawo mini lemu. Da na gaya masa abin da ya kawo ni sai ya ce zai zo, amma sai an gama kunya.

Na ce, "Baba, an riga an sauke yashi. Leburori sun fara."

Ya ce, "Yarinya, gini ya jira shekara nawa? Zai jira sati biyu. Ƙasa in ya bushe ba ya jira kowa."

Hausarsa ke nan, ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "shi" ne kowa "kai" ne. Na roƙe shi, na ce zan zo da Keke mai ƙafa uku in ɗauke shi in mai da shi a wuni ɗaya. Ya ce a'a. Na koma gida ina cizon yatsa. Sati biyun nan kullum sai na bi ta tasha, kullum tulin yashi na raguwa.

Ranar da ya zo, ya sauka daga mota da hularsa ta saƙa da wata doguwar ƙusa a aljihun riga. Maigadi bai tambaye shi takarda ba, har rusunawa ya yi. Na kai shi kai tsaye wurin tagar tikiti, na buɗe littafina na nuna masa zanen. Ya duba zanen, ya duba tagar, sai ya fashe da dariya har da tari.

"Wannan? Ni ne na gina shi. Ni da wani yaron Eggon. Lokacin kai kana goye."

Na ce ba zai yiwu ba, dubi yadda ta tsufa. Ya ce komai ai yana tsufa in ba a shafa masa fenti ba. Ya ciro ƙusar nan ya karce tsakanin bulo biyu a ƙarƙashin tagar. Ƙusar ta zame, ta bar ɗan farin zane kawai. "Siminti," in ji shi. Ya ja ni muka matsa taku biyar, inda filasta ta ɓare, ya sake karcewa. Nan kuwa sai gari ya zubo masa a tafin hannu, fari-fari, da 'yan ƙananan duwatsu a ciki. Ya ce wannan farar ƙasa ce da yashi, da ita mutanen farko suka ɗaura bulonsu. In na ga toka-toka mai tauri, aikin su ne ko na waɗanda suka biyo bayansu. In na ga fari mai marmashi, na waɗanda suka riga su ne. Na san wannan a littafi. Na ma taɓa rubuta shi a allo. Wuni biyu na yi a wurin ban karce ko'ina ba.

Haka ya bi jerina yana rushewa. Koren ƙyauren nan daga wani gidan ma'aikata aka ciro shi aka dasa, ga tsofaffin ramukan fata, wato ƙarfen da ƙyaure ke juyawa a kai, nan a jikin firam ɗin ƙofar ba su dace da nasa ba. Bencin siminti kuwa wani stashamasta ne ya sa aka zuba saboda ana sace na katako. Na ji kamar an ce mini hoton da nake ajiye da shi na kakata ba ita ba ce.

Abubuwan da ya nuna mini a madadinsu, duk na wuce su sau dubu ban kalla ba. Ginshiƙan baranda da na ɗauka bututun ƙarfe ne kawai, ashe tsofaffin ƙarafan layin dogo ne aka kafa a tsaye, sirara, ba irin waɗanda ke shimfiɗe a ƙasa yanzu ba. Ya sa na shafa jikin ɗaya na ji haruffa a ƙarƙashin fenti, tsatsa ta cinye rabinsu, ba su karantuwa. A saman kowane ginshiƙi akwai lanƙwasasshen ƙarfe da ke tallafe da rufin, an haɗa shi da ƙusoshi masu mulmulallen kai, ba walda. Ya ce duk inda na ga walda, gyara ne. Can ƙarƙashin kwano akwai jerin ƙananan ramuka a bango da na ɗauka bulo ne ya faɗi, ya ce da gangan aka bar su don zafi ya fita, shi ya sa ɗakin ke da sanyi ko a watan da kowa ke kwana a waje. Bakin dandamali kuma ba siminti ba ne, sassaƙaƙƙen dutse ne, sai da muka roƙi wata mata ta ɗan janye rogonta sannan na gani.

Ina rubutu da sauri, shi kuma ba ya jira. Wani lokaci ya faɗi abu, in na sake tambaya ya faɗi wani daban. Ya ce ƙararrawar tasha a ginshiƙi na uku take rataye. Da muka dawo ta wurin ya ce na biyar. Na kira Baba a waya na sa a sifika don ya raba gardama. Baba ya ce ba a ginshiƙi take ba sam, a jikin bango take kusa da agogo. Baban Adogi ya ce wane agogo, agogo ai daga baya ya zo. Baba ya ce shi da ya yi shekaru yana kaɗa ta za a gaya wa? Suka shiga musu, daga ƙararrawa suka koma kan wani direban jirgi da ya taɓa taka saniya, daga nan suka koma wa ya ci wa wani kifi a Makurɗi. Ina tsaye da biro a hannu, rana na dukana, a bayan ginin kuma ina jin ƙarar guduma. Na katse wayar ba tare da na yi wa Baba sallama ba, abin da ban taɓa yi ba.

Muka zagaya baya, ɓangaren da aka ba da haya. Nan ne raina ya ɓaci na gaske. Tagogi huɗu da na gani a rufe sati biyu da suka wuce, yanzu ramuka ne. Na tambayi wani lebura ina ƙyamaren. Ya nuna bakin hanya da haɓarsa. Na waiwaya na ga mai suyar doyar nan, wadda ta fara ba ni labari, tana tura wani katako mai tsage-tsage a ƙarƙashin kaskonta.

Na isa wurinta da gudu-gudu. Ta ce ita ba sata ta yi ba, oga ne ya ce ta kwashe. Biyu sun riga sun ƙone, ɗaya an faskara, saura ɗaya jingine da bishiyar mangwaro. Baban Adogi ya iso a hankali, ya ƙwanƙwasa shi da bayan yatsa, ya kara kunne. Ya nuna mini yadda aka saka kowane tsagi a cikin ɗan'uwansa da turakun katako, babu ƙusa ko ɗaya. Ya ce ko maigidansa da ya koya masa aiki haka ya tarar da su. Na roƙi matar ta bar mini, ta ce in ɗauka, dama ba ya ci da wuta sosai, taurin tsiya gare shi.

Mai kula da aikin ya fito jin hayaniya, wani mai ƙaramin tumbi da waya biyu a hannu. Na tambaye shi don me aka cire tagogin. Ya ce gara ta cinye su. Na juya ƙyauren gaba da baya a gabansa na ce ya nuna mini ramin gara ɗaya. Ya ce, "Madam, abeg, ni aiki aka ba ni. Mai kaya yana son ƙarfe. Za ki ajiye ridi a bayan katako ɓarayi su bar miki?" Maganar tasa ta ƙara mini haushi.

Muna cikin haka Baban Adogi ya kira ni. Yana tsaye gaban bangon da leburori suka kankare tsohuwar filastarsa don su yaɓa sabuwa. A tsakiyar bangon, daidai ƙirjin mutum, sai ga siffar wata taga da aka toshe. Bulon da aka cusa a ciki na siminti ne, amma kewayenta jan bulo ne ƙanana, an jera su a tsaye sun lanƙwasa kamar bakan gizo, da wani dutse guda a tsakiyar saman. A ƙasanta akwai faffaɗan dutse da aka sare bakinsa aka daidaita da bango.

Ya ce, "Ga tagar tikiti. Na asali. Ni ban taɓa ganin shi a buɗe ba, labari kawai na ji."

Maigidansa ne ya gaya masa cewa a da nan talakawa ke sayen tikiti, a waje, ba rumfa, da kayansu a ka, masu gishirin Keana da masu doya da kowa. Ƙofar gaba, cikin inuwa, ta manya ce. Daga baya aka toshe wannan tagar aka shafe. Ya daɗe yana shafa bakan da tafin hannunsa. Duk abin da ke tashar nan babu wanda ya kai shi kyau, kuma ban san ko akwai mai rai a garin nan da ya taɓa ganinsa kafin ranar ba.

Na tambayi mai kula da aikin yaushe za a yaɓe bangon. Ya ce yau, ga siminti can ana kwaɓawa. Na ce ya bar wannan wurin kawai, faɗin hannu biyu, ba zai hana buhu zama ba. Ya ce mai kaya ya ce bango ya fito sumul. Na ce ya ba ni lambar mai kayan. Ya ce ba ya gari. Na ce to ya jira zuwa Litinin in je ofis. Ya yi dariya ya ce wa zai ciyar da mutanensa zuwa Litinin. Na ɗaga waya zan ɗauki hoto, sai ga maigadi a kaina yana cewa oga ya ce ban da hoto, shi kada in ja masa. Na yi masa tsawa. Na yi wa mai kula da aikin tsawa. Na faɗi maganganu a kan jahilci da ban so in maimaita ba, a gaban mutanen da ba su yi mini komai ba sai neman abincinsu. Leburorin suka tsaya suna kallona, ɗaya ya ce da ɗan'uwansa a hankali, "Na her papa house?" Wato wai gidan ubanta ne?

Na juya neman Baban Adogi ya sa baki, tunda shi ana jin nauyinsa. Ina na same shi? Tsugune wurin masu kwaɓa siminti, ya ɗebi kwaɓin a hannu yana murzawa, yana gaya musu yashi ya yi yawa, in suka yaɓa haka kafin damina biyu zai zubo. Har ya karɓi cebur ya nuna musu.

Na ce, "Baba! Kai da ya kamata ka hana, kai ne kake gyara musu?"

Ya miƙe da ƙyar, ya goge hannu a wandonsa. Ya ce, "Yarinya, tagar da kai ka zana a gaba, ka san me yana wurin kafin? Ƙofa ne mai baka irin wannan. Ni ne na fasa shi. An ba ni aiki, na yi. Ban tambaya ba. In za su rufe, gara su rufe da kyau, ruwa ba zai shiga ya ci bulo ba."

Na koma gaban bangon. Na ja tef na fara awo da sauri, leburori biyu na tsaye da kwanon siminti suna jira in kauce. Na auna faɗi, na ƙirga bulon bakan, na zana dutsen tsakiya. Mai kula da aikin ya ba ni kamar minti goma, kuma in faɗi gaskiya bai zama dole ya ba ni ba. Sannan suka fara watsa siminti daga ƙasa. Ban tsaya na ga sun kai bakan ba. Na sa aka ɗora ƙyauren a Keke, na raka dattijon tashar mota. Da zai shiga mota ya ba ni ƙusarsa, ya ce in gai da Baba, in kuma ba shi haƙuri a kan wayar da na kashe masa.

Na ba Baba haƙurin. Na kwatanta masa tagar, ya ce shi ma bai san da ita ba, shekarun nan duka yana jingina kekensa a bangon.

Sati na gaba na zauna in fitar da zanen a babbar takarda, in haɗa da bayani in kai ofishin nan, ko banza a ce akwai shi a wani wuri. Na shimfiɗa takarda, na ja layin ƙasa, na buɗe littafina neman tsayin tagar daga ƙasa zuwa dutsen. Babu. Na bi shafukan ɗaya bayan ɗaya. Faɗi na nan, yawan bulo na nan, har kaurin dutsen na rubuta. Tsayi ne ban auna ba, abin da nake rage wa ɗalibai maki a kai kowane zango. Lokacin da zan auna shi na ɓata wurin faɗa.

Na koma tashar da tef. An gama bangon, an shafa masa ruwan ɗorawan fenti, an dasa tagogin ƙarfe. Na bi shi ina ƙwanƙwasawa da yatsa ko zan ji inda sauti ya sauya. Sun bi shawarar dattijon, filastar ta yi kauri, ko'ina amo ɗaya. Wani mutum da ke sauke buhuna daga mota ya tsaya yana kallona, ya ce in ridi nake so sai gobe za a fara sayarwa. Na ce na gode. Na naɗe tef ɗina, na koma gida na zana tagar a takarda dabam, ita kaɗai ba bango, na rubuta a ƙasanta cewa ba a san tsayinta ba.